Gwiwar Tabawa

Ranar Alhamis ake mayar da ragowar magani a Yawuri. Tabawa mai tuyar kifi ta ƙulle ƙwayoyin da mijinta Malam ya rage a bakin zane, ta nufi rumfar bakin kogi. Shekara goma ke nan da hana zubar da magani a kwata, tun da Dakta Uwani ta gano shi cikin ruwan da gari ke sha. Daktar ta yi ritaya, amma har yanzu ita ke karɓar magungunan a rumfar.

"Sannu da aiki, Dakta," in ji Tabawa. "Kifi kam ya dawo. Jiya har giwan ruwa Malam ya kamo."

"Madalla. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdulillahi, sai dai gwiwa. Ikon Allah, sai da ruwa ya gyaru ta fara ciwo."

Dakta ta yi murmushi. "Da ma tana ciwon, Tabawa. A da maganin da wasu suka zubar kike sha a ruwan randa, yana danne miki ciwon."

Tabawa ta yi dariya har da tafa hannu, ta yi sallama. Tana hawa tudu a hankali, sai ta tuna cewa a wancan zamanin Malam ma ba ya da yawan faɗa.