Falke da Zumar Kogon Kuka

Bari in ba ka misalin wani falke mai safarar kanwa, wanda duk duniya bai mallaki komai ba sai jaki ɗaya. Da bayan jakin nan yake ci, da shi iyalinsa suke sha. Wata rana da hantsi yana ratsa wata gona, sai ya ga abin da ya sa shi sakin baki. Ƙudan zuma ne suka dunƙule a reshen ɗorawa, baƙi ƙirin, girman tulu, ga wani tsoho tsaye a ƙarƙashinsu, ba wuta, ba hayaƙi, ko mayafi babu a kansa. Hannu kawai yake sawa yana kwasarsu kamar mai ɗiban gero, yana zubawa a amya. Suna yawo a gemunsa, amma ko ɗaya bai harbe shi ba. Falke ya tsaya ya sha kallo. Tsakaninsa da tsohon bai fi taku goma ba, kuma tambaya ba a sayenta, amma sallama kaɗai ya yi ya kaɗa jakinsa. A ransa cewa yake ashe tsoron da ake wa zuma na banza ne, sanyin hannu kawai take so. Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne, waɗannan masu ƙaura ne. Sun baro tsohon gida, ba su kai sabo ba, ba saƙa, ba 'ya'ya, ba abin da za su yi faɗa a kansa. Zuma a hanya ta fi tunkiya lafiya, amma a gidanta wata halitta ce dabam.

Bayan kwana uku, da rana tsaka, ya iso gindin wata kuka mai kogo, ya ga ƙudan zuma na shiga suna fita, ƙamshi har ƙasa. Yawunsa ya tsinke. Ya sauke mangala, ya ɗaure jakin a saiwar kukar, ya ƙara ƙulli na biyu don jakin akwai son yawo, sannan ya hau. Ya zura hannu a hankali, daidai yadda ya ga tsoho ya yi. Kogon ya ɗauki gunji, kafin ya zare hannun sun rufe masa fuska. Bai san yadda aka yi ya diro ba, sai ganin kansa ya yi a guje, ya faɗa wani kududdufi ya nutse, hanci kaɗai a waje. Daga cikin ruwan yake jiyo kukan jakin. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin dabba ta yi irin wannan kuka ba. Sau biyu yana yunƙurin komawa ya kwance shi, sau biyu suna mayar da shi ruwa. Kukan ya yi ta raguwa, har ya ɗauke.

Sai da rana ta yi sanyi ya lallaɓo, ido ɗaya a kumbure ya rufe. Ya tarar da jakin kwance, leɓe ya haye, kunnuwa cike da matattun ƙudan zuma. Jakin ya tone ƙasa da kofato, zagaye guda, iya tsawon igiyar da ubangidansa ya ɗaure shi da ita. Falke ya tsaya a kansa. Ga kanwa mangala guda a gefe, ba bayan da zai ɗauke ta, ga gida tafiyar kwana huɗu. Abin takaicin, da bai taɓa ganin tsohon nan ba, da tsoronsa na dā ya ishe shi ya wuce kukar nan salin-alin. Shi ya sa Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.