Mijin Allo

Fankar ɗakin laccar ta mutu tun farkon zango, tagogin kuma an danne su da ƙusa. A layin ƙarshe Mama take zama, jikin bango, inda ba ta da hanyar fita sai an tashi mata layin gaba ɗaya.

'Yan ajin ne suka laƙaba mata Mama, don ta haifi kusan kowa a cikinsu. Da ta yi ritaya daga aikin jinya, sai ta dawo neman digirin da haihuwa da raino suka hana ta. Komai ya tafi daidai, sai da aka kafe jadawalin darasin nazarin halayyar ɗan Adam. Tana ganin sunan malamin ta wuce ofis, ta roƙi a sauya mata da wani. Aka ce darasin dole ne, kuma malaminsa ɗaya.

Malamin matashi ne, sabon ɗauka, har yanzu ba a tabbatar masa da aikin ba. Da ya shigo sai ya juya wa aji ƙeya, ya yi ta zuba wa allo bayani cikin murya ƙasa-ƙasa, kamar mai zance da budurwa. Shi ya sa suke ce masa Mijin Allo. In an yi tambaya sai i'ina ta sarƙe shi, ya murza kunne, ya ce a duba littafi.

Ranar da ya zo kan mutane masu gudun jama'a, wani ya ɗaga murya ya ce, "Ai ga misali nan a tsaye!" Aji ya kwashe da dariya. Mama ta cire gilashinta ta yi ta goge shi da gefen mayafi. Ita kaɗai ta san bai karya ba ya fito.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba a gane komai. Ita kanta takan fita da ciwon kai da takarda fara fat. Da sakamakon gwaji ya fito, yawancin ajin sun sha ƙasa. Yarinyar da ke zama kusa da ita, wadda ta riga ta maimaita shekara, ta kifa kai a kafaɗarta tana kuka.

"In na sake faɗuwa kora ta za a yi, Mama. Da wane ido zan kalli babana?"

Aji ya yi taro, aka yanke shawarar kai ƙara wurin shugaban sashe. Monitan aji ya ce in su suka je, za a ce rashin kunyar yara ce. Sai duk idanu suka juyo layin ƙarshe.

Ta ce gwiwarta na ciwo, suka ce za su riƙe ta a matakala. Ta ce ita ba ta iya magana ba, suka ce ai ko shiru ta yi furfurarta ta isa. Ta ce a ƙara masa lokaci, yaro ne. Yarinyar nan ta kama hannunta. Mama ta waiga dama da hagu, bango ta nan, mutane ta can.

Ofishin shugaban sashe ƙarami ne, littattafai har rufi. Ba ta zaci za a kira malamin ba, sai ga shi zaune a kujerar gefe, ya haɗa gwiwoyi, yana kallon takalminsa. Monita ya zazzage abin da ke cikinsa. Shugaban ya saurara, sannan ya juyo gare ta.

"Baiwar Allah, ke ce babba. Abin da kika faɗa da shi zan yi aiki. Tsakaninki da Allah, yana koyarwa?"

Ta ji numfashin yarinyar a bayanta. Ta dubi malamin, bai ɗago ba.

"Ya san abin," ta ce. "Wallahi ya san shi fiye da yadda kuke zato. Amma bai iya koyar da shi ba. Yaran nan suna cutuwa."

A take aka karɓe darasin daga hannunsa. Maganar aikinsa kuwa, shugaban ya ce sai kwamiti ya zauna. A waje 'yan aji suka yi ta shewa, suna sa mata albarka. Ta zame jiki ta fice ta ƙaramar ƙofa, ta bi gefen titi a hankali har bayan wani gidan mai, inda ɗalibai ba sa bi.

Wata tsohuwar mota na tsaye a inuwa. Ta buɗe gaba ta zauna. Malamin ne a ciki, ya kifa goshi a kan sitiyari. Can ya ɗago, idanunsa jawur.

"Har da ke, Umma?"