Shafin da Mutum Ɗaya ke Karantawa

"Duk shafin da masu karanta shi ba su kai goma ba, ki goge," in ji shugaban sashenmu, ya dire min jerin a tebur.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubuta bayanan cututtukan gado a rumbun da likitoci ke dubawa ta intanet. Idanuna sun gaji, bayana ya ƙage. Na yi ta gogewa har na iso kan wani ciwon yara da bai kama mutum ashirin a duniya ba. Layi uku ne kacal, na ƙarshen yana cewa ba a samo magani ba tukuna.

"Yallaɓai, wannan an buɗe shi fiye da sau dubu biyu."

"Mutum nawa?"

"Ɗaya. Kullum da safe, shekara shida."

Na tuna ta, na gaya masa wata uwa ce. Ta taɓa rubuto mana: "'Yata ce ke fama da shi. Ina leƙawa ne ko kun ƙara wani abu."

"To, bar mata shi mana, Malama."

Na sake duba kwanakin, na cire tabarau.

"Yallaɓai, yau sati uku rabonta da buɗewa."