Sunan Baffa a Kan Allo

Kai da ka ce tun da kana ganin 'yan'uwanka a kan layi kullum ai lafiyarsu ƙalau, gyara zama ka ji wani misali.

Akwai wata mata a wata cibiyar binciken noma, ita ke kula da babbar kwamfutar da ma'aikata ke shiga daga ofisoshinsu da gidajensu su yi aiki. Duk ranar da za ta kashe na'urar don gyara, sai ta tabbatar ba kowa a ciki, don kada aikin wani ya salwanta. A da da ƙafa take yin wannan. Ta leƙa wannan ofis, ta ƙwanƙwasa wancan, ta ƙare a gidan baffanta da ke bayan gonar gwaji. Baffan nan tsohon ma'aikacin wurin ne, ya yi ritaya amma aka bar masa izinin shiga kwamfutar, domin yana rubuta abin da ya sani game da irin gero na gargajiya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta. In ta je sai ya dama mata fura, ya cika ta da labarin gero har ta manta abin da ya kawo ta.

To, yarinya ce mai kai. Ta zauna ta rubuta wata 'yar manhaja wadda ke bin layin sadarwa ta tambayi babbar kwamfutar su wa ke ciki, nan take sunaye su fito a allonta. Abin ya yi mata daɗi, kowa ya yaba, baffan ma har alfahari yake yi da ita a masallaci. Sai dai tun daga nan yawo ya ƙare. Kowace safiya ta danna, ta ga sunan baffa a cikin sunaye, ta yi murmushi ta ce tsoho ya tashi lafiya, ga shi can yana fama da geronsa. Wannan ya zama gaisuwarta. Ba rashin so ba ne, wallahi tana son tsohon nan kamar ranta. Sauƙi ne kawai ya yi mata daɗi, kuma ka san halin sauƙi.

Ran nan gyara ya taso. Ta aika wa kowa saƙo ya fita daga kwamfutar, sunaye suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ya rage na baffa shi kaɗai. Ta sake aikawa, shiru. Ta kira wayarsa, a kashe, ba ta damu ba domin baffa da cajin waya ba sa ga maciji. Har ta fara mita, wai tsohon nan akwai taurin kai. Tana iya fitar da shi da dannawa ɗaya, amma ta ji tsoron kada rubutunsa ya tafi. Sai ta ƙara wa manhajar tambaya guda: yaushe rabon da hannun mutum ya taɓa wani abu? Amsa ta fito, tun makon jiya. A lokacin ta tuna abin da ta sani sarai, cewa babbar kwamfutar ba ta cire sunan wanda bai yi mata sallama ba. Takalmi ne a ƙofar ɗaki: yana nuna an shiga, ba ya nuna halin da mai shi ke ciki.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta bi ta cikin gonar gwaji da gudu. Ta same shi kwance a kan tabarma, ƙafa ta kumbura, ya rame. Ashe yana tsakiyar aiki ya taso, santsi ya kwashe shi a bakin famfo, maƙwabta ke ta ɗawainiya da shi, shi kuwa ya hana a gaya mata, wai aiki ya yi mata yawa. Ta durƙusa ta riƙe hannunsa, kunya da tausayi suka haɗu mata, sai hawaye. Tsohon ya dube ta yana dariya ƙasa-ƙasa.

“'Yar nan, yau na'urar ta ba ki hutu ke nan? Share hawayenki. Ga fura can a kwano, ni dai yau ba zan iya dama miki ba.”

Ita ta dama musu, a ranar ta kai shi asibiti, kuma Allah ya ba shi sauƙi. Manhajar tana nan tana aikinta, ba wanda ya ce a yar da ita. Amma 'yar hanyar nan ta cikin gonar gwaji, wadda ciyawa ta fara rufewa, ta sake fitowa fes.

Ka ga dalilin da ya sa Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake.