Gida na Huɗu da Aka Yanke

Ga wani misali, ka saurara da kyau, domin abin da ya sami mutumin nan yana iya samun duk wanda ya zuba hatsinsa a rumbun wani.

Akwai wani mai zanen barkwanci da ya shekara tara yana ɗora aikinsa a wani dandalin sada zumunta. Yakan raba takarda gida huɗu. Gida uku na farko shimfiɗa ce, a na huɗu yake sa ainihin maganarsa, a ƙarƙashinsa kuma ya sa hannu da kwanan wata. In ya gama sai ya ɗauki hoto da waya, ya ɗora, ya goge hoton don wayar ba ta da wuri. Takardar kuwa matarsa ce ke ɗauka tana ƙunshe wa masu sayen ƙosai. In aka ce ya riƙa adanawa, sai ya ce ai komai na nan a shafinsa, ga mabiya dubu tamanin suna yi masa gadi.

Wata shekara ruwa ya yi tsada. Sai ya zana wani mai tumbi yana nuna 'yan ga-ruwa da yatsa, gida uku cur yana kiransu ɓarayi. A gida na huɗu sai ga mai tumbin zaune a bakin rijiyar burtsatsensa, ashe shi ne ke sayar musu da ruwan ninki biyu. Duk mai ido ya san wanda aka yi wa tsiya. Amma wani mara kunya ya yanke gida na huɗu, ya rubuta sunan mai zanen ɓaro-ɓaro a sama, ya watsa sauran ukun. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa mai zane ya zagi talakawa. Jama'a suka yi ta kai ƙararsa, aka rufe shafin. Ya rubuta koke har sau biyar, sau biyar ɗin kuma amsa iri ɗaya ta dawo, ba sunan wanda ya rubuta ta, ba ofishin da mutum zai je ya yi sallama. Wace irin shari'a ce za a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba, kuma a kulle hujjarsa a ɗakin da shi kansa aka hana shi shiga? Shekara tara ta tafi, gida na huɗu ya tafi tare da ita.

Mabiyan ba su ne suka fi damunsa ba. Akwai wani dattijo ɗan ga-ruwa da ya daɗe yana kawo musu jarka shida kowace safiya, har sunan 'yar mai zanen ya halarta. Tun daga ranar, dattijon yakan turo kurarsa ya wuce ƙofar gidan ko waiwaye ba ya yi. Mai zane ya zauna ya sake zana gida huɗun daga ka, ya tare shi a hanya.

"Baba, don Allah duba. Ga yadda na zana shi tun farko."

Dattijon ya duba, ya jima, ya miƙa masa takardarsa. "Malam, tawadar nan ko bushewa ba ta gama yi ba. Ina na farkon?"

Na farkon kuwa ya daɗe da shan man ƙosai. Mai zane ya karɓi takardarsa ya koma gida.

Daga nan ya buɗe shafi nasa na kansa a yanar gizo, wanda mabuɗinsa ke hannunsa shi kaɗai. Ya sayi akwatin ƙarfe, kowace takarda ya sa mata lamba da kwanan wata ya ajiye. Ya roƙi matarsa ta koma ƙunshi da tsohuwar jarida. Masu leƙowa ba su kai hamsin ba. Abokai suka yi ta yi masa dariya, wai ya bar kasuwa ya kafa rumfa a bayan gari. Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Kowace Laraba yana ɗora zane ɗaya, gida huɗu cif.

Bayan wata takwas aka sake yanke masa wani zane aka watsa. A wannan karon, cikin masu leƙowar nan wasu suka ɗauko cikakken daga shafinsa, da kwanan watansa, suka ajiye kusa da yankakken. Ƙaryar ba ta kai azahar ba. A majalisar bakin rijiya aka nuna wa dattijon nan duka biyun, ya ga yadda ake yanka. Washegari da safe mai zane ya ji ƙarar kura ta tsaya a ƙofarsa.

"Malam, shida ne har yanzu, ko iyali sun ƙaru?"

Kada wannan ya sa a ce magana ta ƙare. Wanda ya yanke zanen farko bai nemi gafara ba har yau, kuma wajibi ne ya nema a bainar jama'ar da ya yi ƙaryar a gabansu. Masu dandalin su ma su mayar wa mutum aikinsa na shekara tara, don ba nasu ba ne. Amma shi mai zanen ba ya zaman jiran su. Mutum dubu tamanin sun kasa yi masa shaida, akwatin ƙarfe da ɗan shafinsa sun yi. Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.