Ƙwayar Sukarin da Inna Ta Riƙe

Wajibi ne asibitin da ya ɗora Baba kan allurar insulin ta ciwon suga ya bayyana mana haɗarinta. Bai yi ba.

Wata la'asar, lokacin da yajin aiki ya rufe Douala, Baba ya yi allurar bai ci komai ba, domin kasuwar New Bell a kulle take. Gumi ya jiƙe shi, yana makyarkyata, bai gane ni ba. Inna ta ɗauko ƙwayar sukari.

Gwaggo, yayarsa, ta daka mata tsawa: "Mai ciwon suga? Kashe mini ƙane za ki yi?"

Inna ta tsaya, ba ta ba shi ba. Ashe allurar ce ta sa sukarin jininsa ya faɗi, sukarin ne maganin. Baba bai farfaɗo ba.

Ina roƙon hukumar lafiya ta binciki ko yanzu ana yi wa iyalai wannan gargaɗi.