Ƙofar Da Ke Buɗewa Ciki

Tunda ka fara karɓar aikin gini da kanka, zauna in ba ka labarin wani magini. Gwani ne, wannan babu ja. Ya gina wani babban zauren taro, babu taga ko ɗaya saboda na'urar sanyaya ɗaki, sai ƙofar ƙarfe guda mai buɗewa ciki, yadda ya gada wurin maigidansa. Da aka gama, mai zauren ya kawo wata mata mai ƙawata ɗakuna. Ka san halinmu mu magina, a ganinmu aikin irinsu bai wuce zaɓen labule da launin fenti ba. Ita kuwa kafin ta taɓa komai sai ta tsaya tsakiyar zauren, ta rufe ido, ta miƙa hannu tana laluben bango har ta kai ƙofa. Ta tura, ƙofa ta ƙi. Leburori suka fashe da dariya. Ta buɗe ido ta ce, "Malam, hayaƙi kowa yake makantarwa, kuma mai gudun ceton rai turawa yake yi, ba ja ba. A juya ƙofar nan." Ya ce, "Hajiya, ki ji da labulenki."

Bayan shekara biyu, ana walimar saukar karatu da rana tsaka, wayar wuta ta yi tartsatsi a silin, gobara ta tashi. Jama'a suka yo kan ƙofa gaba ɗaya, nauyinsu ya zama sakata. Maginin yana waje, jikarsa tana ciki, tana ɗaya daga masu saukar. Yana turawa ciki, suna turowa waje, har kafaɗarsa ta goce. Ƙofa tana nan daram, aikin gwani.

Har yau ba na son bin layin da zauren yake. Sau uku mai zauren yana sa a yi wa ƙofar fenti, shatin tafukan hannu na sake fitowa, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Ya haƙura ya bar wurin. Maƙwabta sun ce kullum da hantsi tsohon maginin yakan shiga kangon, ya rufe ido, ya laluba bango har ƙofa, ya tura.

Ka ji abin da ya sa ake cewa, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.